Tambayi Likita: Wa ke riƙe da makullin fayil ɗinka?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru, wato shafin nan na intanet da asibitoci ke buɗe wa marasa lafiya. Mutum zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya ga sakamakon gwajinsa, ya nemi ranar ganin likita, ya karanta abin da aka rubuta a fayil ɗinsa, ko ya aika wa likitansa saƙo. Na zaɓi guda takwas.

Lokacin da na fara aiki, fayil ɗin mara lafiya yana ɗakin kati ne, bayan ƙofa mai kwaɗo, kuma duk wanda zai ɗauke shi sai ya sa hannu a rajista. Yau ga shi a aljihun mai shi, cikin wayar da yara ke karɓa su yi wasa. Ni dai ina goyon bayan shafin, gara in faɗa tun yanzu. Abin da ke damuna shi ne, rabin amanar da a da take wuyanmu mu ma'aikata ta koma hannun mara lafiya, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa.

Tambaya: Likita, ranar Juma'a da daddare wayata ta yi ƙara, na buɗe shafin asibiti na tarar sakamakon gwajin jinina ya fito. Layi biyu an rubuta su da ja. Amma abin da ya fi tayar min da hankali sukari ne: bara a wani asibiti 5.4 ne, bana na ga 97. Ban yi barcin kirki ba har Litinin. Ga hoton na haɗo. Me ya sa za a sako min sakamako likita bai gani ba?
*Wata malamar makaranta, mai shekara 44*

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Sukarinki na bara da na bana duk ɗaya ne. Ma'auni biyu ake amfani da su. Wani ɗakin gwaji yana rubutawa da mmol/L, wani da mg/dL, kuma idan kika ninka na farko sau 18 za ki samu na biyu. Ninka 5.4 sau 18, me ya ba ki? 97.2. Idan an ɗebi jinin kafin a ci komai, iyakar da ake fara maganar ciwon sukari ita ce 7.0 a ma'aunin farko, ko 126 a na biyu. Kina nesa da wurin. Nan gaba, kafin lamba ta kaɗa miki hanji, ki dubi 'yan haruffan da ke gefenta.

Sai jan rubutu. Ba likita ba ne ya sa jan, kwamfuta ce, kuma ba ta san ki ba. An ba ta iyaka biyu, ƙasa da sama, duk abin da ya ƙetare ko da ɗigo ɗaya ne sai ta shafa masa ja. Ga yadda ake samo iyakokin a yawancin gwaje-gwaje: a auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki inda kashi 95 cikin 100 suka faɗa a kira shi daidai. Ke nan mutum ɗaya cikin ashirin, lafiyarsa ƙalau, zai faɗo waje. Idan kuwa aka yi wa mai lafiya gwaji iri ashirin a rana guda, a lissafi yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da ja ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Naki jan na farko na fararen ƙwayoyin jini ne, 3.8 inda iyaka ta fara daga 4.0. Mutane da yawa masu asali daga Afirka haka nasu yake, ƙasa kaɗan, ba tare da wata cuta ba. Na biyun na hanta ne, ya haura iyaka da maki biyu. Likitanki ne zai haɗa su da tarihinki da magungunan da kike sha ya yanke, ba ni ba daga nan, amma ban ga abin da ya kai ya hana ki barci kwana uku ba.

Kin tambayi dalilin sakin sakamako kafin likita ya gani. An daɗe ana wannan gardama. A Amurka, daga 5 ga Afrilu 2021 aka fara aiki da ƙa'idar da ta hana asibitoci riƙe wa mara lafiya bayanansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai sakamako ya riƙa isa wayar mutum da zarar ya fito. Likitoci da yawa sun yi ta ƙorafi. A 2023 mujallar JAMA Network Open ta buga wani bincike da aka tambayi marasa lafiya sama da 8,000, kusan kashi 96 cikin 100 suka ce sun fi son a ci gaba da sako musu nan take, ko da likita bai duba ba. Ni ma da su nake. Jininki ne, sakamakonki ne. Sai dai akwai gwajin da bai kamata mutum ya buɗe shi kaɗai da tsakar dare ba, irin na tsokar da aka yanka don a duba ko kansa ce. Ranar da za a ɗauki irin wannan, ki tambayi likita abu uku: yaushe zai fito, me za mu yi idan ya fito ba daidai ba, wa zan kira. Kuma kina da damar kashe ƙararrawar manhajar, ki ƙi buɗewa sai ranar da kuke zaune tare.

Idan sakamako ya kai na haɗari sosai, ƙa'ida ita ce ɗakin gwaji ya kira likita a waya nan take, shi kuma ya neme ki. Duk da haka kada ki ɗauki shiru a matsayin lafiya. Mako guda ba ki ji komai ba, ki tambaya.

Abu na ƙarshe, Malama. Hoton da kika turo min yana ɗauke da cikakken sunanki da ranar haihuwarki da lambar katinki. Na goge shi bayan na karanta. Ina fata ba ki tura wa wasu haka ba, don magana zarar bunu ce, hoto kuma ya fi ta.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 78, yana fama da hawan jini da ciwon sukari, kuma bai iya latse-latsen waya ba. Ni na buɗe masa shafin, kalmar sirrin tana hannuna, na kuma ba ƙannena biyu don duk wanda ke kusa ya duba. Wani abokina ya ce hakan ba daidai ba ne. Ina laifin?
*Babban ɗa*

Amsa: Allah ya saka muku da alheri bisa kula da Baba. Niyyarku babu laifi. Hanyar ce ke da gyara, kuma bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

Wata rana saƙo ya shigo min daga shafin wata mata mai shekara arba'in da 'yan kai: gwiwa tana ciwo, za a iya shan ibuprofen? Na buɗe fayil ɗinta. Ƙoda lafiya, ba gyambon ciki, ba wani magani da take sha. Na amsa cewa ta sha na 'yan kwanaki bayan cin abinci. Bayan mako biyu ta kawo mahaifiyarta asibiti, sai nake jin ashe tambayar ta tsohuwar ce. Tsohuwar nan ƙodarta ta yi rauni, kuma tana kan warfarin, maganin tsinka jini, wanda haɗa shi da ibuprofen na iya jawo zubar jini a ciki. Allah ya taƙaita, kwana biyu ta sha ta daina don ya ɗaga mata ciki. Ranar sai da na zauna na yi shiru na ɗan lokaci kafin in kira na gaba. Tun daga nan, duk tambayar magani da ta zo min a shafi sai na fara da: wa zai sha?

Ka ga matsalar. Likita ba ya ganin fuskar mai rubutu, fayil yake gani, kuma fayil ɗin yake amsawa. Ku uku kuna shiga da suna ɗaya. Idan aka soke wa Baba ranar ganin likita, ko aka nemi a sabunta masa maganin da aka riga aka dakatar, na'ura za ta nuna Baba ne ya yi, alhali shi bai ma san an yi ba.

Yawancin shafukan nan suna da abin da ake kira izinin wakilci. Baba zai amince da bakinsa ko a rubuce a gaban ma'aikata, sai a ba kowannenku ƙofarsa da nasa makullin, kuna ganin fayil ɗinsa amma kowa da sunansa. A wasu wuraren ana iya taƙaitawa, wani ya ga ranakun zuwa asibiti da magunguna kaɗai, wani ya ga komai. Duk ranar da Baba ya ga dama zai iya janye izinin mutum ɗaya ba tare da an taɓa na sauran ba.

Ka kuma tambaye shi, kai da shi kaɗai, ko akwai abin da ba ya son 'ya'yansa su karanta. Tsufa ba ya cire wa mutum kunya, ba ya kuma cire masa haƙƙi. Dattawa da yawa sun gaya min matsalar fitsari ko ta iyali da ba za su taɓa faɗa a gaban 'ya'yansu ba. Ku yi wannan yanzu da yake da ƙarfinsa da hankalinsa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a gama shirin, duk saƙon da za ka rubuta ka fara da cewa kai ɗansa ne, a madadinsa kake rubutu.

Tambaya: An turo min saƙon tes cewa sakamakona ya fito, in latsa wani adireshi. Na latsa, shafin ya yi kama da na asibitinmu sak, na sa sunana da kalmar sirri. Minti biyar sai ga kira, wata mai ladabi ta ce daga asibiti take, in karanto mata lamba shida da aka turo min. Jikina ya ba ni, na kashe wayar. Na tsira?
*Wani direba*

Amsa: Malam, ka tsira da ƙyar, amma aiki bai ƙare ba. Kalmar sirrinka tana hannunsu. Abin da ya hana su shiga shi ne lambar nan shida, shi ya sa suka kira. Yau ɗin nan ka shiga shafin na gaskiya, ta manhajar da ka sauke daga ma'ajiyar Google ko Apple, ko ka rubuta adireshin da hannunka daga takardar asibiti, ka canza kalmar. Sannan ka tuna duk inda ka yi amfani da irinta. Ka fara da imel ɗinka, domin wanda ya mallaki imel zai iya latsa “na manta kalmar sirri” a ko'ina a turo masa sabuwa. Ka kuma sanar da asibitin, don tabbas ba kai kaɗai aka tura wa ba.

Babu ma'aikacin asibiti da ke buƙatar lambar nan. Ni likitanka ba na buƙatarta, nas ba ta buƙata, mai gyaran kwamfuta ma haka. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, komai daɗin muryarsa. Ɗan kwaɗon da ake gani a gefen adireshi kuma ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan 'yan damfara ma suna da shi.

Kada ka ga kamar kai ne ka yi wauta. A Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka, wanda ke sarrafa takardun biyan kuɗin magani tsakanin asibitoci da kamfanonin inshora. Da shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya bayyana gaban majalisar dokokin ƙasar, ya amsa cewa da kalmar sirrin sata suka shiga, ta wata ƙofa da ba a sa mata mataki na biyu na tabbatarwa ba, irin lambar nan shida da ake turowa bayan kalmar sirri. Bayanan mutum wajen miliyan 190 abin ya shafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai bangonka yana da mataki na biyun, shi ya cece ka.

Me suke nema a fayil ɗin direba? Katin banki idan an sace, a toshe shi a ba ka sabo. Ranar haihuwarka, adireshinka, sunan makusancinka da cutar da kake fama da ita ba a canza su. Da su ake buɗe asusu da sunan mutum, da su ake kiran iyalinsa a ce yana kwance a turo kuɗi.

Sabuwar kalmar, ka sa ta yi tsawo: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Idan shafin ya yarda a yi amfani da manhajar samar da lamba maimakon tes, ka zaɓe ta, domin ana iya sace layin waya a mayar da shi kan wani sim.

Tambaya: Yayana ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi da gumi da yamma, ya rubuta wa likitansa a shafi. Sai washegari da rana aka amsa. Wannan ba sakaci ba ne?
*Wata ƙanwa*

Amsa: 'Yar uwa, ina fata ya samu sauƙi. Saƙon shafi kamar wasiƙa ne a akwati. Yawancin asibitoci suna cewa a jira kwana ɗaya zuwa uku na aiki, kuma da daddare ko a ƙarshen mako ba lallai wani ya buɗe ba. Nauyin ƙirji da gumi, numfashi da ƙyar, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, jini da ya ƙi tsayawa, farfaɗiya, mai ciki da ta daina jin motsi, tunanin kashe kai: babu ɗaya a ciki da ake rubutawa a jira. A tafi sashen gaggawa ko a kira motar asibiti. A irin shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya ke kawowa, maganin narkar da gudan jinin ana ba da shi ne galibi cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu. Idan asibitin bai rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a inda ake rubuta saƙo ba, to a nan yana da nasa laifin, ku gaya musu.

Tambaya: Likita, ni nas ce a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Mu bakwai muna shiga na'ura da suna ɗaya, kalmar sirrin ma a manne take a jikin kwamfuta. Kwanan nan na ga abokiyar aikina tana karanta fayil ɗin maƙwabciyarta da ba ita ke duba ta ba. Ta ce tausayi ne, tana son ta san yadda za ta taimaka. In yi shiru?
*Wata ma'aikaciyar jinya*

Amsa: Sista, kada ki yi shiru, amma ki fara da ita. Ki ja ta gefe ki tambaye ta: da ke ce a gadon, za ki so maƙwabciya ta san abin da ya kawo ki? Duk wanda na taɓa gani an kama yana leƙen fayil, tausayi yake cewa. Mai tausayi na gaske zuwa yake ya gaida mara lafiya, idan ta ga dama ta faɗa masa da bakinta. Ƙa'idar aikinmu ba ta canza ba don takarda ta koma kwamfuta: ba ka buɗe fayil sai aikinka na ranar ya buƙata. Ko na mijinka, ko na mahaifiyarka. Idan ta sake, ki kai maganar gaba, domin mai fayil ɗin ba ta nan balle ta kare kanta.

Amma babban laifin ba nata ba ne, na wanda ya tsara ku bakwai kan suna ɗaya ne. Na'urorin nan suna ajiye rajistar duk wanda ya buɗe fayil, da ranar da mintin. A Estoniya mara lafiya da kansa yana iya shiga ya ga sunan duk ma'aikacin da ya duba bayanansa, ya kuma nemi dalili. A wurinku rajistar ba ta da amfani, suna ɗaya za ta nuna daga safe har dare. Ranar da sirrin wani ya fita, ku bakwai ne abin zargi, har da ke da ba ki yi komai ba. Da wannan hujjar za ki tunkari mai asibitin, don ta fi saurin shiga kunne.

Idan ya ce ai mu ƙanana ne, wa zai kula mu, ki ba shi labarin Vastaamo. A da cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ce a Finland. A 2020 ta bayyana cewa an sace bayanan marasa lafiyarta, har da abin da suka faɗa wa masu ba su shawara a ɗaki a asirce. Da cibiyar ta ƙi biya, ɓarawon ya koma aika wa marasa lafiyar saƙo ɗaya bayan ɗaya: ka biya ko in watsa. Mutum wajen 33,000 abin ya shafa. Kamfanin ya durƙushe, a 2024 kuma kotu ta yanke wa wanda ya yi hukuncin ɗaurin shekara shida da wata uku. Ɗaurin bai mayar wa kowa sirrinsa ba.

Gyaran da za ki nema ba mai wuya ba ne. Kowa da sunansa da kalmarsa. Mai karɓar kati ba ya buƙatar ganin abin da likita ya rubuta, a taƙaita masa. Duk wanda zai tashi daga kujera ya kulle allon, ko da ruwa zai sha. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar, ba bayan wata shida ba. Kafin a ɗora sakamako a shafin wani, a duba abu biyu, suna da ranar haihuwa, don masu suna iri ɗaya sun fi yadda kike zato yawa. A daina ɗaukar hoton sakamako da wayar hannu ana turawa ta WhatsApp, domin hoton yana zama a wayar bayan an manta da shi. A riƙa sabunta manhajar kwamfutocin, a kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. A Mayun 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati da yawa a Ingila, aka soke ganin likita wajen 19,000, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai sa ba.

Wani abu kuma da masu asibiti ba sa tunawa: a 2022 kafar labarai ta The Markup ta gano wata 'yar manhajar talla ta Facebook a shafukan 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na Amurka, har a cikin shafukan marasa lafiya masu kalmar sirri na cibiyoyi bakwai, tana aika bayanai waje. Ki ce wa mai asibitinku ya tambayi wanda ya gina muku shafin me ya dasa a ciki.

Tambaya: Na karanta fayil ɗina na ga an rubuta ba ni da maganin da jikina ba ya karɓa. Alhali penicillin ya taɓa kumbura min fuska da maƙogwaro. Ina jin nauyin in gyara wa likita.
*Wani ɗan fansho*

Amsa: Baba, wannan nauyin ka ajiye shi. Gyara irin wannan shi ne babban amfanin shafin a wurina. Ranar da aka kawo ka ba ka iya magana, layin nan za a karanta kafin a yi maka allura.

Ba kai kaɗai ba ne. Shirin OpenNotes, wanda ya fara a Amurka a 2010 da likitoci 105 da suka yarda marasa lafiyarsu su karanta abin da suke rubutawa, ya fitar da bincike a 2020 da ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar masu karantawa ya ce ya ga kuskure, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗannan sun ɗauki kuskuren babba. Mu ma mutane ne, muna rubutu a gaggauce, wani lokaci a kwafo bayanin bara a liƙa a na bana.

Ka rubuta gajere: sunan maganin, shekarar da abin ya faru, abin da ya yi maka, inda aka kula da kai. Da yake wannan na rai ne, kada ka tsaya a saƙo, ka kira ko ka faɗa a zuwanka na gaba, sannan ka koma shafin ka tabbatar an sa. Kada ka yi mamaki idan tsohon rubutun bai ɓace ba. Ba a goge fayil ɗin asibiti, ƙara gyara ake yi da kwanan wata. Saƙonka ma zai zama cikin fayil ɗin, ma'aikata da dama za su iya gani, don haka a rubuta shi da sanyin rai.

Tambaya: Maigidana ya ce in ba shi kalmar sirrina in dai ba abin da nake ɓoyewa. Ba na ɓoye komai, amma raina bai kwanta ba.
*Wata matar aure*

Amsa: 'Yar uwa, nuna wa mutum abu daban, miƙa masa makulli daban. Kina iya buɗe shafin ku duba sakamako tare, ki rufe. Wanda ke da kalmar kuwa yana ganin na jiya da na gobe, yana iya rubuta wa likita da sunanki, yana iya canza kalmar ya bar ki a waje. Ma'aurata da yawa suna buɗe wa juna komai da daɗin rai, ba ni da ta cewa. Idan haka kike so, ku yi ta izinin wakilci, wanda za ki iya janyewa. Idan kuwa tilas ce, ko kina jin tsoro, ki faɗa wa likita ko nas lokacin da kuke ku biyu a ɗaki. A shafuka da yawa ana iya ɓoye wani bayani kada ya fito a waya, ko a dakatar da shafin gaba ɗaya a koma kira da takarda. Ba ke ce ta farko da ta nemi haka ba, kuma ba za a gaya masa ke kika nema ba.

Tambaya: Zan sayar da tsohuwar wayata. Na goge manhajar asibitin. Ya isa?
*Wani ɗalibi*

Amsa: Bai isa ba, ɗana. Sakamakon da ka taɓa saukewa yana nan a ma'ajiyar fayiloli, hotunan allo suna cikin hotuna, kuma wataƙila manhajar shiga intanet ta haddace kalmarka. Ka kwashe abin da kake so, ka fita daga asusunka na Google ko Apple, ka cire sim da katin ajiya, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Daga sabuwar wayar ka shiga shafin asibitin ka nemi jerin na'urorin da aka amince da su, ka cire tsohuwar. Idan lambar wayar ma za ka canza, ka fara zuwa ofishin kati su sauya ta a fayil ɗinka, domin kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daina amfani da shi, kuma lambar nan shida za ta ci gaba da zuwa wa duk wanda ya saya.